Rage Ruwan Nan

Karo na uku ke nan da aka maimaita faifan muryar da aka naɗa a ɗakin tuƙin jirginsa, Kyaftin Rashidu kuwa ko kansa bai ɗaga ba. Ya gaji da kujerar, ya gaji da kwamitin bincike, ya gaji da jin muryarsa tana fitowa daga lasifika kamar ta wani baƙo.

Yau za a yanke ko a mayar masa da lasin tuƙin jirgin ruwa, ko a soke shi har abada. Ban da jan manyan jirage a bakin tekun New York, babu sana'ar da ya iya. Da ita ya tsufa, da ita ya yi renon 'yarsa Nimatu a unguwar Tompkinsville bayan rasuwar uwarta, har ta girma ta koyi aikin a hannunsa.

Ita ta kawo shi da safe, sanye da sabon yunifom na kamfanin da ya ɗauke ta. A mota Turanci suka yi, shi ma sama-sama. Shi da a da ko gishiri ta nema da Turanci sai ya yi kunnen uwar shegu, tun bara ya daina yi mata Hausa.

Wani injiniya ya miƙe ya sake bayanin da Rashidu ya sani tun kafin a yaye injiniyan. Na'urar rada, mai hango abin da ke gaban jirgi, tana aika sigina, ya bugi abu ya dawo. Matsalar ita ce teku ba ya zama wuri ɗaya. Kowace igiya sai ta mayar da nata, allo ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ruwan sama ma haka yake yi. Shi ya sa aka yi maɓalli biyu, ɗaya na share ɗigon ruwan sama, ɗaya na share na igiyar teku. In aka murɗa na tekun ya wuce kima, sai ya share har ƙananan jiragen da ke kusa.

Abin da ya faru ke nan bara, a safiyar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. An tarar da maɓallin teku a ƙure. Kwalekwalen wani dattijo mai kamun kifi ya ɓace daga allo, jirgin Rashidu ya bi ta kansa. Dattijon ya rayu, amma da ƙafa ɗaya.

Sai aka juya ga tafinta, wata 'yar Nijar mai shago a Harlem, Safiatou, aka ce ta fassara abin da ke cikin faifan.

"Cewa ya yi, rage ruwan nan."

"Wane ruwa?" in ji shugabar kwamitin. "Na sama ko na teku?"

Safiatou ta ɗan yi murmushi. "A Hausa duk ruwa ne. Sai wanda ya tashi cikin harshen ke gane wanda ake nufi."

Lauyan Rashidu ya taɓo shi da gwiwar hannu. Tun jiya yake yi masa karatu: in umarni ya bayar wani ya yi kuskure, laifin ya rabu biyu, lasin zai iya dawowa.

"Kyaftin, da wa kake magana?" in ji shugabar.

"Da kaina," in ji Rashidu. "Tsufa ne. Ni kaɗai ne a ɗakin tuƙi, ni na murɗa."

Lauya ya jefar da biro a kan tebur. Ba a daɗe ba aka soke lasin. Rashidu ya ji zafi har cikin ƙashinsa, amma ya ji kuma kamar an sauke masa buhu daga ka.

A bakin ƙofa Safiatou ta tare shi. "Baba, na ji wata 'yar murya a ƙarshen faifan."

"Iska ce, 'yata."

Ta dube shi, ta ce, "To, iska ce. Allah ya ba da lada."

A waje an fara yayyafi. Nimatu na cikin mota, ta riƙe sitiyari gam, idanunta sun yi ja. Ya shiga ya rufe ƙofa, ya ce mata da Turanci ta yi sauri kada ta makara a ranarta ta farko. Saura kaɗan ya ce ruwa ya sauko, sai ya haɗiye maganar.

Rabon da ya furta kalmar nan a gabanta tun safiyar da ya ce ta rage ruwa, yana nufin na sama, ta ce "Oke, Baba," ta kai hannu kan maɓallin teku.