Wanda Adda Ta Bari

Yana cikin sare kurmin bakin teku gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido. Ya yar da adda.

"Mama! Idona!"

Mahaifiyarsa ta dulmiya fuskarsa a ruwan teku, ta finciko shi. "Sai an matsa maka fararen 'ya'yan itacen nan a ido. Ina suke?"

Ya nuna mata wajen kututturan. Kwana uku yana sare itatuwan, don masu otal sun ce suna tare wa baƙi kallon teku.

"Ka gama da su kaf? Sannu, gwanin adda! Taho."

Kwalekwalen da ke kai mutane asibiti kuwa sai gobe. Ta ja shi cikin yashi, yana tuntuɓe yana salati, har ta danna kafaɗarsa.

"Durƙusa."

Ruwan 'ya'yan itacen mai sanyi ya ɗiga masa a ido. Da ƙyar ya buɗe ido. Ta cikin hawaye ya ga itacen da ya rage, guda ɗaya tal, bisa kabarin mahaifinsa, wanda ya rasu suna gaba da juna kan sayar wa masu otal filin.

"Shekara tara ina roƙonka ka zo," in ji ta. "To, gaishe shi."