'Yar Gutsurar da ke Jikin Ƙwayar Baba

Auta ta tashi daga aiki da la'asar, mai gadi ya zazzage jakarta a bakin ƙofa kamar kullum, har cikin takalmi sai da ya leƙa. Shatin hular aiki bai ɓace daga goshinta ba ta isa kemis. Maganin zuciyar babanta ya ƙare tun jiya, ƙafafunsa kuwa sun fara kumbura.

Da mai kemis ya faɗi kuɗin kwali, ta ɗauka wasa yake. Ashe an sake ƙarawa. Ya shiga karanto mata karatun da ta haddace: jirgin ruwa, kuɗin fito, dillalin can, dillalin nan, kowa sai ya lasa. Ta ce ai albashinta na mako biyu ke nan. Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mata rubutun da ke gindin kwalin.

"Ƙanwata, maganin waje ne fa. Ba irin tarkacen da ake bugawa a nan ba."

Falle ɗaya ta saya, ƙwaya goma. Likita ya ce kullum ɗaya, kada a kuskura a rage. To, ba likita ke biya ba.

A gida ta tarar da Baba zaune, an tokare shi da filo uku, don in ya kwanta numfashi gagararsa yake. Ya ga wuƙa a hannunta, ya gane. Ya yi dariya, wai rabin mutum ai rabin ƙwaya ya ishe shi, dariyar ta ƙare da tari. Tsoro ya kama ta sosai, ta juya masa baya.

Ta ɓallo ƙwaya ɗaya, ta matsa jikin taga don ta raba daidai. Fara ce, da tsaga a tsakiya. A gefen tsagar akwai 'yar gutsura kamar kan allura. Ta ɓallo ta biyu, ga ta nan. Ta uku ma haka. Wuƙar ta suɓuce mata.

"Lafiya, Auta? Ko jabu suka sayar miki?"

"Ba jabu ba ne, Baba."

Sau uku tana kai ƙara a masana'antar magungunan da take aiki cewa bakin inji na huɗu ya gutsure, ba a canza ba. Shekara shida ke nan tana tsaye a kansa, yana zubo mata irin wannan ƙwaya dubu arba'in a awa ɗaya, tana cika gangunan da ba su da suna sai lamba, ana wucewa da su tashar jirgin ruwa, a fita da su waje.