Falle Arba'in da Bakwai

Muhibba, mai kula da tsofaffin takardun ɗakin karatun jami'a, ta ga hannun tsohon ya sake shigewa aljihu. Juma'a ta bakwai ke nan Malam Yahuza, mai goro daga Mpape, yana neman littafin ajamin nan da ba a ɗinke ba.

Ta kira maigadi, sannan ta dubi tsohon. "Baba, janye hannunka. Falle arba'in muka ajiye."

Ta ƙirga sau biyu. Arba'in da bakwai!

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Littafin mahaifinmu ne, 'yata. Da aka raba gado, yayana ya ba ku nasa rabon. Na kawo nawa, aka ce sai da takardar oga. Shi ya sa nake saka falle ɗaya a ciki duk Juma'a. Saura falle uku, ki bari in ƙarasa."