Ƙullin Baba

Ko sadakar arba'in ba a yi wa Baba ba, ƙanensa Baffa ya zo ɗaukar jirginmu a bakin kogi, kusa da Illo. Da la'asar ne, Inna tana wanke kifi. Ya yi ta fama da ƙullin da Baba ya ɗaure jirgin da shi a turke, ƙulli ya ƙi kwancewa. Sai ya zaro wuƙa ya datse igiyar.

"Mace da marayu, mi za ku yi da jirgi?" in ji shi. Ya tuƙa ya nufi ƙasar Benin, can ya sayar.

Inna ta zare guntuwar igiyar daga turken, da ƙullinta, tana ƙarnin kifi, ta danƙa mini.

"Riƙe," ta ce. "Duniya rawar 'yan mata ce."

Yau Baffa ya makance, 'ya'yansa sun watse, a gidana yake ci. Ban taɓa rage masa miya ba. Amma da igiyar nan na yi wa ƙofar ɗakinsa mariƙi. Safe da yamma sai yatsunsa sun sauka kan ƙullin Baba.

Bai taɓa tambaya ba. Ni kuwa duk ranar da na ga hannunsa ya yi turus a kai, tuwo ya fi yi mini daɗi.