Rediyo Mai Cin Memori

Ebenezer direba ya jera rediyon mota biyu a kan teburin wani shago a bakin tashar Zuru, ya juyo wajen budurwarsa Keziah.

"Ke za ki zaɓa, tunda kujerar gaba taki ce. Wannan yana jawo waƙa daga waya ta bulutut, wancan kuma memori yake ci."

Keziah ba ta ɗago ba, sai murza bakin zanenta take yi.

"Ɗauki mai memorin," ta ce a hankali.

"Haba, Keziah! Ai waƙoƙin duk a wayarki suke."

"Bulutut ba ya kamawa sai wayar tana kusa." Ta ɗago ta dube shi. "Tawa ba za ta ƙara zama kusa ba. Na sami aikin asibiti a Jos, kuma ba zan ce ka jira ni ba."

Ebenezer ya dafa teburin.

"Damina huɗu ina noman golmo a gonar babanki don in aure ki."

"Na sani, Eben."

Ta kwance ƙullin zanen, ta ajiye masa ɗan memori a tafin hannu. Waƙoƙin da take rerawa a coci ne a ciki.

Mai shago ya karɓa ya saka don gwaji. Muryarta ta cika shagon, ita kuwa har ta kai titi, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Direba, in ƙara sauti?"

"Rage," in ji Ebenezer. "Ni kaɗai zan ji."