Gobe Laraba

Kwamfutar falo ta ce Talata. Ta ɗakinsa ma Talata. Talabijin, da ƙaramin allon da ke bangon kicin, da wayar da ba ta da layi, duk bakinsu ɗaya. Gobe Laraba za a sallamo matarsa daga asibiti.

Injiniya ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa kwamfutoci a ma'aikatu, kuma shi ya tsara gidan nan da hannunsa. Wani ɗan akwati a sito ke ɗauko lokaci daga intanet, sauran na'urorin gida su kwafa daga wurinsa. Matarsa takan tsokane shi, wai ko numfashi za a yi sai an nemi izinin akwatin.

Tun da mantuwa ta fara damunsa, 'yarsa Auta ta dawo gidan da zama. Ƙofar waje a kulle take, mabuɗin yana jakarta. In ya ce a kai shi asibiti, sai ta ce, “Baba, ai gobe za ta dawo. Sha maganinka.”

Amma da safen nan ya tsaya a taga, ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ruwa ake shararawa, alhali watan da allo ke nunawa na tsananin zafi ne. Bishiyar da matarsa ta dasa kafin a kwantar da ita ta wuce katanga. Ƙwaƙwalwarsa tana zubar da abubuwa, ya sani, amma ita bishiya ba ta mantuwa.

Auta na fita cefane ya lallaɓa sito. Ya tarar an zare wayar intanet daga akwatin, an naɗe ta tsaf. Ya jawo kujera gaban allon akwatin, yatsunsa suka buga kalmar sirri tun kafin ya tuna ta. Sai ga abin a fili: an umarci akwatin ya koma Talatar nan kowace safiya, duk gidan kuma ya bi shi. Aiki ne mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya. Wato yarinyar da ya goya ta nemo gwani, an ɗaure shi a cikin yini guda kamar akuya a turke.

Ya soke umarnin, ya mayar da waya. Allon ya ƙifta. Shekara ta canza.

A nan Auta ta same shi. Ya juyo ya dube ta.

“Ina mahaifiyarki?”

Ba ta firgita ba. Ta ajiye leda, ta durƙusa a gabansa, ta riƙe hannunsa, ta faɗa masa a hankali: Mama ba ta kai Larabar ba. Shi da kansa ya tsaya a kan kabarinta.

Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Da ya samu numfashi, ya dubi allon, ya kau da kai.

“Ba zan iya zama a wannan ranar ba. Kira wanda ya yi miki aikin nan, ya mayar mini da Talatata.”

Auta ta share masa hawaye da gefen mayafinta, ta tura madannan kwamfutar gabansa.

“Baba, ni ko kalmar sirrin ban sani ba. Duk lokacin da ka gano, kai kake mayarwa da hannunka.”