Kore Kwana Casa'in

Tun shekarar da aka kafa dokar, mai ciwon suga ba ya hawa jirgin Makka sai wayarsa ta nuna kore, alamar sugansa ya daidaita, kwana casa'in a jere. Maigidana, Malam Tanimu, yana kwana saba'in da ɗaya Allah ya karɓi abinsa. Da na fita takaba sai na ɗaura niyya, tunda ciwonmu ɗaya.

Ranar cikon casa'in da hantsi, yayarsa Kande ta shigo da kwanon alkaki yana ɗigar zuma.

Ta ce, "Ladidi, ci. Dominki na soya. Ko waya ce ta haife ki?"

Tun ina amarya ban taɓa mayar mata da kwano ba. Na ce, "Yaya, yau dai ki yafe mini."

"To ci, in ya so ki soki yatsana. Jinina lafiya lau."

"Wayar ta san jinina, Yaya. Har ta fi ni saninsa."

Ta ɓata rai, amma ta zauna. Bayan azahar na soki yatsa, na ɗiga jinin a bakin na'urar awo. Wayar ta kawo kore, ta faɗi lambar kujerata a jirgi. Ta ƙara da cewa kujerar gefena babu kowa.

Yaya Kande ta rufe kwanon, ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Tafi da shi. In kin sauka ki ci biyu, ɗaya na Tanimu ne."